Aachen ko Aix-la-Chapelle: Wa Ke da Ikon Raɗa wa Gari Suna?

Ranar 22 ga watan Janairu na shekarar 2019, shugabar gwamnatin Jamus ta wancan lokaci, Angela Merkel, da shugaban ƙasar Faransa, Emmanuel Macron, suka haɗu a babban zauren majalisar wani tsohon birni da ke can ƙuryar yammacin Jamus, suka sa hannu a kan wata yarjejeniya ta ƙarfafa zumunci tsakanin ƙasashensu. Kashegari jaridun Jamus suka ce an ƙulla Yarjejeniyar Aachen, na Faransa kuwa suka ce an ƙulla Yarjejeniyar Aix-la-Chapelle. Takarda ɗaya ce, zaure ɗaya, gari ɗaya, amma duk wanda bai san dawar garin ba, in ya karanta jaridun nan biyu, sai ya rantse taro biyu aka yi a ƙasashe biyu. Jamusawa suna furta nasu sunan kamar "Akhan", da irin sautin nan na maƙogwaro da almajirai ke kira ha mai ruwa. Faransawa kuwa suna cewa "Eks-la-Shafel", abin da ko kusa bai yi kama da na farko ba.

To, a nan ne tambaya ta taso, wadda ta shafi duk wani mai nazarin harshe. Shin Faransawa suna da hujjar ci gaba da kiran birnin wasu da sunan da masu birnin ba su kiransa da shi? Akwai masana da yawa da ke ganin ba su da ita. A taron da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira a Landan a shekarar 1972 game da daidaita sunayen wurare, an ba da shawarar a riƙa rage amfani da irin waɗannan sunaye da baƙi ke kiran garuruwan wasu da su, a koma ga sunan da hukumar ƙasar ta yarda da shi. Ra'ayin da wannan maƙala ta tsaya a kai shi ne, shawarar nan tana da amfani ga mai aika wasiƙa da mai yankan tikitin jirgin ƙasa, amma in aka mai da ita doka a kan harsuna baki ɗaya, to za a yi asarar da ba a lissafa ba. Babu kuwa misalin da ya fi wannan birni dacewa a gwada maganar da shi, domin shi ne wanda hujjar masu adawa ta fi ƙarfi a kansa: Faransawa sun taɓa cin garin da yaƙi, sun kuma mulke shi shekara ashirin.

Sai dai kafin a yanke hukunci, ya kamata a bi sawun sunayen biyu a ga inda suka fito. Asalin garin ruwa ne. Akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi a wurin, masu warin farar wuta, waɗansunsu zafinsu ya haura digiri 70 a ma'aunin santigireti. A ƙarni na farko na Miladiyya Rumawa suka gina wuraren wanka a bakinsu, inda sojojinsu ke zuwa neman lafiya. Sunan garin da harshen Latin shi ne Aquae Granni, wato "ruwayen Grannus", shi kuwa Grannus wani abin bauta ne na mutanen yankin, wanda suke danganta warkarwa da shi. Daga baya aka riƙa rubuta Aquisgranum, ko a taƙaice Aquis. Wannan kalma ta Aquis ita ce bakin masu magana da harsunan da suka tsiro daga Latin ya yi ta lasa, yana zaizaye ta sannu a hankali, har ta koma Ais, ta zo ta tsaya a Aix. Su kuma maƙwabtansu masu magana da tsohon Jamusanci suna da tasu kalmar ta ruwa, ahha, wadda 'yar'uwa ce ga aqua ta Latin, kuma a kanta sunan Aachen ya ginu. Ashe ke nan sunayen nan biyu da ake ganin kamar kishiyoyi ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. Bajamushe in ya ce Aachen, ruwa yake nufi. Bafaranshe in ya ce Aix, shi ma ruwa yake nufi, ko da kuwa dukansu biyu sun daɗe da mantawa.

Rabin sunan na biyu, wato la-Chapelle, ya samu ne saboda bukatar rarrabewa. Rumawa masu son wanka ne, duk inda suka sami ruwan zafi sai su kafa gari, saboda haka Aix ta yi yawa a bakin Faransawa. Akwai Aix-en-Provence a kudancin Faransa, akwai Aix-les-Bains a yankin duwatsun Savoie. Sai aka yi wa wannan laƙabi da abin da ya fi shahara da shi, wato ɗakin ibadar fadar Sarki Sharlaman. Ita kanta kalmar chapelle tana da labari mai daɗi. An ce wani sojan Rumawa mai suna Martin, wanda Kiristoci suka ɗauka waliyyi daga baya, ya gamu da wani mabaraci cikin tsananin sanyi a ƙofar birnin Amiens, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Sarakunan ƙabilar Frank suka riƙe abin da suka yi imani shi ne ragowar alkyabbar nan, suna tafiya da shi har fagen fama don neman albarka. Alkyabba da Latin cappa ce, ƙaramarta cappella, sai sunan ya tashi daga kan tufar ya koma kan ɗakin da ake ajiye ta, daga nan ya bi kowane ƙaramin ɗakin ibada. Mai karatu ya duba abin da ke ƙunshe cikin suna guda: ga ruwan Rumawa, ga alkyabbar waliyyi, ga fadar sarki. Wanda ya ce a goge wannan suna, to ya san abin da yake cewa a goge.

Shi wannan Sarki Sharlaman, wanda Jamusawa ke kira Karl der Grosse, wato Karl Mai Girma, shi ne ya mai da ƙauyen wanka ya zama cibiyar daula. Mahaifinsa, Pepin, ya yi bikin Kirsimeti na shekarar 765 a wurin, amma ɗan ne ya gina fada ya zauna. Einhard, bafadensa da ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya nuna cewa son ruwan zafin nan na cikin abin da ya ja shi, domin gwanin iyo ne, kuma yakan gayyaci 'ya'yansa da fadawa da dogarai su shiga ruwan tare, wani lokaci fiye da mutum ɗari. A ƙarshen ƙarni na 8 ya sa aka fara gina ɗakin ibadar nan mai kusurwa takwas, aka kawo ginshiƙan marmara daga Italiya. A ranar Kirsimeti ta shekarar 800 Fafaroma Leo na Uku ya naɗa shi sarkin sarakuna a birnin Rum. A shekarar 802 kuma wata baƙuwa ta iso garin wadda ba a taɓa ganin irinta ba: giwa ce, mai suna Abul Abbas, kyautar Halifa Haruna Rashidu na Bagadaza, wanda masu karatun Dare Dubu da Ɗaya suka sani sarai. Giwar ta rayu har shekarar 810. Sarkin kansa ya rasu ranar 28 ga Janairu, 814, aka binne shi a ɗakin ibadar da ya gina.

Abin lura a nan shi ne, a zamanin da duk wannan ke faruwa babu wata ƙasa mai suna Faransa, babu kuma mai suna Jamus. Daula ɗaya ce ta ƙunshi mafi yawan inda ƙasashen biyu suke a yau, cikinta akwai masu magana da harsunan dangin Jamusanci a gabas, da masu magana da harsunan dangin Latin a yamma, kowa kuma yana kiran babban birnin sarkinsa da irin bakinsa. Sai a shekarar 843 jikokin Sharlaman uku suka raba daular a Verdun, garin ya faɗa rabon Lothair, sannan a wani rabon na shekarar 870 ya koma ɓangaren gabas, wanda ya zama Jamus. Daga naɗin Otto na Ɗaya a shekarar 936 zuwa na Ferdinand na Ɗaya a 1531, sarakunan Jamus kimanin talatin aka naɗa a nan, suka hau kujerar marmara da ke benen ɗakin ibadar. Ko shakka babu garin na Jamusawa ne. Amma mutanen yamma ba su daina tunawa da shi ba. Shahararriyar waƙar jaruntar nan ta Faransanci, Waƙar Roland, wadda aka tsara wajen shekarar 1100, ta ambaci garin da sunan Ais a matsayin mazaunin Sharlaman. Wannan kuwa shekara ɗari bakwai ke nan kafin sojan Faransa ya mulki garin.

Yanzu sai a koma ga hujjar masu adawa, a ba ta haƙƙinta. A shekarar 1794 dakarun juyin juya halin Faransa suka mamaye garin. A 1801 aka haɗe shi da Faransa a hukumance, ya zama hedkwatar wani lardi nata, aka mai da Faransanci harshen ofis. An ciccire tsoffin ginshiƙan ɗakin ibadar an kwashe zuwa Faris, kuma ko da yake an mai da mafi yawansu bayan 1815, har yanzu akwai waɗanda suka maƙale a gidan tarihi na Louvre. A watan Satumba na 1804 Nafoliyon ya zo da kansa ya ziyarci makwancin Sharlaman, 'yan watanni kafin ya ɗora wa kansa kambin sarkin sarakuna, don duniya ta ɗauke shi magajin tsohon sarkin. Mulkin bai ƙare ba sai 1814, a shekara ta gaba kuma aka miƙa garin ga Prussia. Bugu da ƙari, sunan Faransancin yana da wani lahani da ba a iya musu. Yana sa garin ya yi kama da na Faransa a kunnen wanda bai sani ba, ya kuma sauƙaƙa wa ɗan makarantar Faransa ɗaukar Sharlaman a matsayin Bafaranshe, alhali harshen da ya sha a nono na dangin Jamusanci ne. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai kuma akwai bambanci tsakanin sunan da aka yi mulkin mallaka da shi da sunan da mulkin mallaka ya haifa, kuma rashin rarrabe waɗannan biyu shi ne tushen kuskuren. A shekarar 1940 'yan Nazi suka canza wa birnin Łódź na Polan suna, suka kira shi Litzmannstadt, da sunan wani janar nasu na Yaƙin Duniya na Ɗaya. An yi haka ne rana ɗaya, da umurni, da nufin shafe sunan masu gari, shi ya sa yaƙi na ƙarewa sunan ya bi masu shi. Haka babban birnin Chadi ya daɗe yana amsa Fort-Lamy, sunan hafsan Faransa da ya mutu a yaƙin Kusuri na shekarar 1900, yaƙin da aka kashe Rabe a cikinsa, har sai 1973 da aka mai da shi Njamena. Léopoldville ta koma Kinshasa a 1966, Salisbury ta koma Harare a 1982. Babu mai hankalin da zai yi kukan waɗannan sunaye. Alamarsu ɗaya ce: ana iya faɗin shekarar da aka raɗa su, da wanda ya raɗa, da wanda aka so a girmama. To, wa zai faɗi shekarar da Aquis ta zama Aix? Babu wani gwamna da ya sa hannu a kan haka. Sauye-sauyen sauti ne na ɗaruruwan shekaru, a bakin fatake da masu ziyarar ibada da maƙwabta, domin birnin Liège na Beljiyam, inda ake Faransanci, bai fi tafiyar kilomita 50 daga garin ba. Irin wannan suna shaida ce ta tsohuwar hulɗa. Garin da ba a taɓa zuwa ba, ba a yi masa suna.

Abin ma ba ta fuska ɗaya yake tafiya ba. Faransawa suna kiran Köln da Cologne, Mainz da Mayence, Trier da Trèves, Regensburg da Ratisbonne. Su ma Jamusawa suna kiran Liège da Lüttich, Nice da Nizza, Genève da Genf. Shi kansa Aachen, mutanen Holan, waɗanda iyakarsu ke bakin garin, Aken suke ce masa, Italiyawa Aquisgrana, mutanen Sifen Aquisgrán, na Polan Akwizgran. Yawan sunayen ma'aunin shaharar garin ne a zamanin da.

Akwai kuma wata matsala da ta fi shafar ɗalibi kai tsaye. Manyan yarjejeniyoyi sun ɗauki sunan garin a zamanin da Faransanci ne harshen hulɗar sarakunan Turai: ta 1668 tsakanin Faransa da Sifen, da ta 1748 wadda ta kawo ƙarshen yaƙin gadon sarautar Ostiriya, inda Faransa ta mai da wa Ingila Madras ta Indiya, Ingila kuma ta mai da mata Louisbourg ta Kanada, sai kuma taron manyan ƙasashe na 1818 da ya janye sojojin mamaya daga Faransa. Littattafan Ingilishi har gobe suna kiran waɗannan da sunan Aix-la-Chapelle, alhali in sun zo kan Yaƙin Duniya na Biyu sai su ce Aachen ne babban birnin Jamus na farko da ya faɗa hannun sojojin Amurka, ranar 21 ga Oktoba, 1944. Ɗalibin Kano ko Zariya zai tarar da sunayen biyu a littafi ɗaya, ba tare da an gaya masa wuri ɗaya ba ne. Takwaransa na Maraɗi ko Damagaram, wanda ya yi karatu da Faransanci, Aix-la-Chapelle kaɗai zai sani. In suka haɗu suna tattauna tarihin Turai da Hausa, harshen da ya haɗa su, sai kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya ɓata. Maganin wannan kuwa ba kashe suna ɗaya ba ne, domin takardun 1748 ba za su sake kansu ba. Maganin shi ne a koyar da duka biyu.

A nan ne maganar ta iso ƙofar Sashen Hausa. Dokar da za ta kashe Aix-la-Chapelle ita ce za ta kashe Masar, da Habasha, da Ƙudus, da Ikko, da Badun, da Kwara, har da Jamus ɗin kanta, tun da masu ƙasar Deutschland suke ce mata. Abin mamaki kuma, sau da yawa sunan da Hausa ta riƙe ya fi wanda ke kan taswira kusa da bakin masu gari. Ikko daga Eko take, sunan da Yarbawa ke kiran birninsu, Lagos kuwa Turawan Fotugal ne suka kawo ta. Masar daga Misra ta Larabci take, wadda ita ce sunan ƙasar a wurin 'ya'yanta. Ɗan jaridar da ya bar Ikko ya kama Legas da zaton ya bi daidai, bai matsa kusa da masu gari ba, ya dai matsa kusa da Turawa. Waɗannan sunaye fataken goro da mahajjata da almajirai suka samo su da tafin ƙafarsu, kamar yadda maƙwabtan Aachen suka samo nasu. Bahaushe kuwa bai kamata abin ya zame masa baƙo ba, shi da yaro guda ke da sunan yanka, da sunan rana, da wanda uwa ke sakaya shi da shi don alkunya, ba a kuma taɓa cewa yaron ya zama uku ba.

Saboda haka abin da ya fi dacewa ga mai rubutu da Hausa ba shi da wuyar bi. In ana maganar garin na yau, mai jami'a da tashar jirgin ƙasa da majami'ar da UNESCO ta sa cikin jerin farko na wuraren tarihin duniya a 1978, sai a ce Aachen, domin masu shi suna raye, kuma Hausa ba ta da wani tsohon suna nata da za ta kare. In ana maganar yarjejeniyar 1668 ko ta 1748 ko taron 1818, sai a bar musu Aix-la-Chapelle, sunan da aka san su da shi. A farkon ambato a haɗa su biyu cikin jimla ɗaya, a nuna yadda ake furta kowanne, tun da Bahaushen da ya ga Aix a rubuce ba zai taɓa karanta ta "Eks" ba. Abin da bai kamata ba shi ne wani kwamiti ya zauna ya ƙirƙiro wa garin sunan Hausa rana tsaka. In aka rubuta shi "Akan" ya yi karo da sunan wata babbar al'umma ta Gana, ga kuma "a kan" da ɗalibai suka riga suka saba haɗewa ba bisa ƙa'ida ba. Ikko ba kwamiti ya yi ta ba. In hulɗa ta yi yawa, baki zai yi aikinsa.

Masu cewa lalle sai an kira kowane gari da abin da mutanensa ke kiransa, akwai wani abu guda da ya rage su duba. Aachen suna ne na daidaitaccen Jamusanci, na hukuma da makaranta da taswira. Su haifaffun garin, in suna magana da karin harshensu na gida, wanda suke kira Öcher Platt, Oche suke ce wa garinsu, su kuma kira kansu Öcher. Kowace shekara, in an taru a zauren nan na majalisa don ba da Lambar Sharlaman, wadda garin ya fara bayarwa a 1950 ga masu hidimar haɗin kan Turai, baƙon Faris yakan ce ya zo Aix-la-Chapelle, na Balin ya ce Aachen, na Holan ya ce Aken, tsohuwar da ke kallonsu daga bakin kasuwa kuwa ta san a Oche take tsaye.